Yadda ake haɗa wayoyi da soket na modul ɗin sintasaiza da ka ƙera da hannunka

Sintasaiza, wato na'urar kiɗa da ke samar da sauti da wutar lantarki, mai modul-modul ba kamar fiyanon da ake kiɗa dashi a situdiyo bane, wanda komai na cikin akwati ɗaya an rufe. Ita wannan kowane sashe, wanda ake kira modul, daban yake, mai samar da sauti daban, mai tacewa daban, mai ƙara ƙarfi ko ragewa daban, kai ne zaka riƙa haɗasu da gajerun wayoyi ta gaba yadda kake so sautin ya bi. Tsarin da yafi yaɗuwa yanzu shine Eurorack, wanda kamfanin Doepfer na Jamus ya fito dashi a 1995, kuma akansa zanyi bayani. Akwai wasu tsarukan, irin na Moog masu manyan jak na gita, da Serge masu fulogin banana, amma kayan Eurorack sunfi sauƙin samu da araha.

Abun da nake so ka riƙe tun yanzu: mafi yawan modul ɗin gida da suke ƙonewa ba zanen da'irar bane yake kashesu, wayar wuta ce. Shi yasa zan daɗe a wurin, sauran kuma mu wuce da sauri. Kuma don kada maganar ta zama a iska, zamu ɗauki ƙaramin modul guda ɗaya mu bishi har ƙarshe: jak na shiga (ramin soka waya), bolum ɗaya, aisi TL072 (ɗan ƙaramin IC mai ƙafa takwas), jak na fita. Aikinsa kawai ya rage ƙarfin sigina ya fitar da ita a tsaftace. In ka iya haɗa wannan toh sauran duk hanya ɗaya ce, yawan wayoyi ne kawai ke ƙaruwa.

Kayan aiki

Ayan ɗin narka dalma irin na masu gyaran rediyo, in da hali mai saitin zafi, ka ajiyeshi tsakanin 320 zuwa 350 a ma'aunin Salshiyos. Dalma siririya mai fulos a ciki, wato man da ke sa ta kama ƙarfe. Mita mai ƙara idan waya biyu sun haɗu, wannan kam dole ne, in baka da ita ka dakata da aikin har ka saya. Filaya, abun fere waya, injin huda, da bais na matse ƙarfe. Wayar haɗi ka nemi mai silli-silli a ciki, lamba 22 ko 24, kala uku ko huɗu. Mai ƙarfe ɗaya a ciki tana karyewa a gindin dalma idan ana yawan motsata.

Rasista da kafasita da dayod da TL072 duk zaka samu wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da amfilifaya. Jak ɗin da hedar wuta, wato jerin fil ɗin da ake soka wayar wuta a kai, su ne wataƙila sai kayi oda.

Fara da fuskar modul

Tsayin fuska, wato farantin gaba da ake ɗaura jak da bolum a kai, 128.5mm ne, baya canzawa. Faɗi kuma ana ƙirgashi da HP, kowane HP ɗaya 5.08mm. Modul ɗinmu 4HP ya isheshi, ka yanka 20mm, ana ɗan ragewa da gangan don ya shiga tsakanin maƙwabtansa ba tare da an dannashi da ƙarfi ba. Alminiyon mai kaurin 2mm shine aka saba. Ramin sukurun ɗaurewa 3.2mm, nisan 3mm daga gefen sama da na ƙasa, sukurun kuma M3. Ramin jak 6mm, na ƙaramin bolum 7mm.

Ka bar fili sama da ƙasa, kamar 10mm kowane ɓangare, saboda nan ne ƙarfen akwatin da ake jera modul a ciki zai zauna, in ka kai bod ɗinka, wato allon da'irar, can modul bazai shiga ba. Sannan ka ɗaura jak da bolum a fuskar ka matse notinsu kafin ka taɓa dalma. Wannan tsarin yana da dalili, idan ka fara liƙawa sannan kazo matse noti, jak ɗin zai ɗan juya ya ja ƙafarsa, dalmar ta tsage a inda ido baya gani, bayan wata biyu sauti ya fara yankewa ka rasa daga ina. Bolum yana da wani ɗan kunne na ƙarfe kusa da wuyansa, ka karyeshi da filaya in baka huda masa rami ba, in ba haka ba zai zauna a karkace.

Yanzu wuta, a nutsu anan

Eurorack na aiki da +12V da -12V da giraun, wato 0V, a tsakiya, wasu modul na dijital kuma suna son +5V. Wutar na zuwa ne daga bod ɗin rabon wuta dake cikin akwati, ta waya mai faɗi wadda ake kira ribon, mai jan layi a gefe ɗaya. A bod ɗin rabo hedar mai fil 16 ce, layi biyu, kuma kowane fil biyu dake kallon juna abu ɗaya suke ɗauka. Idan ka fara daga gefen jan layi: biyun farko -12V, shida na gaba duk giraun, sai biyu +12V, biyu +5V, biyu CV (siginar sarrafa modul), biyun ƙarshe get (siginar kunna nota da kasheta). A jikin modul yawanci heda mai fil 10 ake sawa, wato an tsaya a +12V an bar sauran. Namu ma 10 ɗin zamu sa.

Jan layi yana zuwa -12V. Ka haddace wannan. Mutane da yawa sun saba ja shine fozitib a batir da sola, toh anan ba haka bane, jan yana nuna fil na ɗaya ne kawai kuma fil na ɗaya shine -12V.

Me zai faru in an juya? A heda mai 10, giraun yana tsakiya don haka baya motsi, +12V da -12V ne suke musanya wuri, aisi ya samu wuta a juye, cikin daƙiƙa kaɗan yayi zafi ya mutu, kafasita mai ruwa kuma tana iya kumbura ta fashe. A heda mai 16 abun yafi muni, domin fil ɗin giraun na modul ɗin zasu haɗe +12V da +5V da CV wuri ɗaya, kaga kenan 12 ta hau layin 5, duk wani modul dake shan 5V a akwatin yana cikin haɗari ba naka kaɗai ba. Haka kuma in hedar tsirara ce babu akwatin roba, kana iya sokawa ka tsallake layi ɗaya baka sani ba musamman cikin akwati mai duhu. Don haka a modul ɗinka ka sa heda mai akwatin roba da tsaga a gefe, wadda fulogi baya shiga sai ta hanya ɗaya, sannan ka rubuta -12V da alƙalamin maka a jikin bod daidai gefen da jan layi zai zauna.

Amma fa kar tsagar ta sa ka saki jiki. Tsagar tana kareka ne kawai in wanda ya matse wayar ya matseta daidai, kuma in kai ka liƙa hedar ta fuskar da ta dace. Ana samun waya sabuwa fil daga leda an matseta a juye.

Yadda ake matse ribon ɗin: ka yanki ribon mai silli 10, tsawon 15 zuwa 25cm ya isa, sillayen sirara ne kar kayi mai tsawo babu dalili. Yankan ya zama a miƙe. In baka samu sabon ribon ba, tsohuwar wayar hadis ta kwamfuta mai silli 40 tana yi, tazarar sillayenta 1.27mm ne daidai da wanda ake buƙata, sai ka ƙirga 10 daga gefen jan layi ka tsaga da hannu. Mai silli 80 bata yi, nata sun fi siranta. Ka duba jikin fulogin da kyau zakaga wani ɗan alamar kusurwa uku a gefe ɗaya, nan ne fil na ɗaya, jan layi ya kwanta a nan. Ba'a fere wayar, haƙoran fulogin ne suke huda robar da kansu. Ka saka ribon ya miƙe sosai, ka ɗora murfin, ka sa a bais ka matse a hankali har kaji kunnuwan gefe sun kama. Kar kayi da filaya, tana danna gefe ɗaya kafin ɗaya sai ribon ya goce haƙori ya kama silli biyu, guduma kuma fasa robar take. A ɗaya ƙarshen fulogi mai 16 zaka sa, ribon mai silli 10 ya manne da gefen kusurwa ukun, ramuka shida na can gefe su zauna babu komai. Rarar ribon da ta leƙo ka aske ta da reza don kar ƙarfen ciki ya taɓa wani abu.

Daga nan sai mita. Ka soka guntayen ƙafar rasista a ramukan fulogi ka gwada: fil na ɗaya a nan yana ƙara da fil na ɗaya a can? Sannan kowane silli da maƙwabcinsa, bai kamata suyi ƙara ba tunda ba'a soka wayar a komai ba. Minti biyu ne aikin. Duk wayar da bata ci wannan gwajin ba ka yanke kanta ka sake, kar ka ajiyeta a cikin kaya da niyyar gyarawa wata rana.

Tsakanin heda da aisi

Kar ka ja waya daga heda kai tsaye zuwa aisi. A kowane layin wuta ka sa dayod 1N5817 a jere. Na +12V zoben dake jikinsa ya kalli cikin da'ira, na -12V kuma zoben ya kalli heda. Idan an juya waya dayod ɗin sai su toshe, modul yaƙi tashi kawai, ba hayaƙi ba asara. Abun da zaka biya shine ɗan faɗuwar wuta kamar 0.3V, wanda modul irin namu bai damu dashi ba. Wasu suna sa rasista 10 ohm a madadin dayod don ta ƙone kamar fiyus, ni dai dayod nake zaɓa, banga amfanin kariyar da sai wani abu ya ƙone ba.

Bayan dayod sai kafasita mai ruwa 10uF, mai jure 25V ko fiye, ɗaya a kowane layi zuwa giraun. Ta +12V doguwar ƙafarta a layin wuta gajeruwar a giraun. Ta -12V akasin haka, doguwar ƙafa a giraun, domin a nan giraun ne yafi sama. Nan mutane ke yawan faɗawa. Sai ƙananan kafasita 100nF guda biyu dab da ƙafafun wutar aisi, ɗaya daga ƙafa ta 8 zuwa giraun ɗaya daga ƙafa ta 4 zuwa giraun, a kusa sosai, in sunyi nisa basu da amfani. A TL072 ƙafa ta 8 ce +12V ta 4 kuma -12V. TL074 daban yake, nasa 4 ce fozitib 11 negatib, kar ka ɗauki na wannan ka kai wa wancan. Fil ɗin giraun shidan nan na heda duk ka haɗesu.

Kuma ka liƙa soket ɗin aisi, ba aisin kansa ba. Shi ka barshi a ledarsa tukuna.

Jak

Jak ɗin Eurorack 3.5mm ne mono, wanda akafi amfani dashi shine PJ398SM da ake kira Thonkiconn. Ƙafa uku gareshi: ta baki wadda ke ɗaukar sigina, ta giraun, da ta suwic. Basai ka haddace wacce ce wacce ba tunda kowane samfuri da jerin ƙafafunsa, mita zata faɗa maka. Babu fulogi a ciki, ka nemo ƙafa biyun dake ƙara da juna, sune baki da suwic, ta ukun giraun ce. Sai ka soka waya, wadda tayi ƙara da tsinin ɗaya ƙarshen wayar itace baki, wadda ta yi shiru itace suwic.

Suwic ɗin nan yana da daɗin aiki. Duk abun da ka haɗa masa shi zai shiga modul idan babu waya a jak ɗin, da an soka waya sai ya katse. A jak na shiga, in baka da wata sigina da kake so ta zauna a wurin, ka haɗa suwic da giraun don kar ƙafar ta zauna a sake tana kwaso gurnani. A jak na fita kuwa ka bar suwic haka nan babu komai. In ka kaishi giraun toh duk lokacin da babu waya ka ɗaure fitar modul ɗinka da giraun kenan.

Giraun na kowane jak ka ja masa waya zuwa giraun na bod. Kar ka dogara da cewa fuskar alminiyon zata haɗasu, fenti baya wuce wuta, noti kuma yana kwancewa.

Wayoyin haɗi na gaba su ma mono ake so, masu zobe ɗaya. Wayar oks ta waya da mota mai zobe biyu wani lokaci tayi wani lokaci giraun ɗin jak ya sauka inda bai dace ba, mai zobe uku ta iyafis kam ka manta da ita.

Bolum da sauran haɗin

Ka ɗauki bolum samfurin B100K. Idan sandar na kallonka ƙafafu na ƙasa, daga hagu 1, 2, 3. Ta 2 ce mai yawo. Bakin jak na shiga ya tafi ƙafa ta 3, ƙafa ta 1 giraun, ta 2 ta tafi ƙafa ta 3 ta aisi. Ka tuna lokacin liƙi ta baya kake kallon bolum ɗin don haka jerin ya juye, in ka gama kaga murɗawa dama na rage sauti maimakon ƙarawa, wayar 1 da 3 zaka musanya shikenan, babu abun da ya lalace.

A aisi ka haɗa ƙafa ta 2 da ta 1, daga ta 1 kuma rasista 1k zuwa bakin jak na fita. TL072 sashe biyu ne a ciki, rabin da bamuyi amfani dashi ba kar a barshi a sake, ƙafa ta 5 giraun, 6 da 7 a haɗesu.

Rasistar 1k ɗin nan ba ado bace. Duk sanda kake soka waya tsininta na gogar giraun na ɗan lokaci, kuma wata rana dole zaka haɗa fita da fita cikin kuskure, ita ke hana aisi wahala. Sai dai tana da illa ɗaya da ya kamata ka sani. Mashigar yawancin modul 100k ce, 1k da 100k suna cin kashi 1 cikin 100 na siginar. A sauti babu mai ji. Amma a siginar dake saita muryar nota, inda 1V yake daidai da oktaf ɗaya, rabin murya kuma kusan 83mV, asarar 10mV a kowane oktaf kunne na kamawa, kana hawa sama kiɗan na ƙara zamewa, in ka raba siginar wa modul uku kuma asarar ta ninku. Maganinsa in modul ɗin na wannan aikin ne, ka ɗauko wayar dake komawa ƙafa ta 2 daga bayan rasistar, wato gefen jak, sai aisi ya cike gibin da kansa.

Wajen liƙa kowace waya: fere kamar 3mm, murza sillayen, shafa musu dalma, shafa wa ƙafar jak ɗin ma, sannan ka haɗa ka taɓa ayan daƙiƙa biyu ko uku. In ka daɗe robar jak tana narkewa suwic ɗin ciki ya goce. Ka tsayar da kala tun farko, misali baƙi giraun, ja +12V, shuɗi -12V, sigina fari ko rawaya, kuma kar ka canza a modul na gaba. Wayoyin su zama gajeru amma da ɗan sassauci, kar su ɗaure kamar tsirkiya. Mai ɗauke da ƙaramar sigina ka nisantar da ita daga mai ɗauke da get ko wutar fitilar LED, in ba haka ba zaka riƙa jin ƙas ƙas a sifika duk sanda fitila ta kama.

In modul ya girma har wayoyi sun kai goma sha, gara ka raba bod biyu, ɗaya na jak da bolum ɗaya na da'ira, ka haɗasu da heda mace da namiji masu tazarar 2.54mm, da ginshiƙi 11mm a tsakani don nauyi kar ya zauna kan fil ɗin heda. In kuma fulogin waya kake so, JST XH yafi waɗancan baƙaƙen na Dupont da ake gwaji dasu, su suna zamewa da an ɗan girgiza akwati. Ka dai lura XH tazararsa 2.5mm ce PH kuma 2.0mm, a hoto kamarsu ɗaya amma basa shiga juna.

Gwaji kafin wuta, da bayan wuta

Modul na kan tebur babu wuta, mita a kan ƙara. Ka gwada +12V da giraun, -12V da giraun, sannan +12V da -12V, kuma kayi gwajin ta ɓangaren biyu na dayod, wato a heda da kuma a soket ɗin aisi, saboda dayod na iya ɓoye maka shot ɗin dake bayansa, wato haɗuwar layi biyu da bai kamata su haɗu ba. Ɗan ƙyit na rabin daƙiƙa ba komai, kafasita ce ke cika. Ƙara mai ɗorewa shot ne, ka nemoshi, yawanci dalma ce ta tsallaka tsakanin fil ɗin heda tunda sun matsu.

Sai ka kashe akwati, ka cire sauran modul in zai yiwu, ka soka naka shi kaɗai har yanzu babu aisi. Ba'a soka ko zare ribon da wuta a kunne. Kunna, baƙin tsinken mita a giraun, ja a rami na 8 na soket, ya kamata kaga wajen +11.7V, a rami na 4 kuma wajen -11.7V. In alamar ta juye ko ɗaya babu, kashe nan take ka koma kan waya da dayod.

In sunyi daidai ka kashe, ka jira kafasitoci su huce, ka sa aisi tsagarsa ta dace da ta soket. Lokacin hunturu da iska ta bushe jiki na tara wutar da take tartsatsi, ka taɓa wani ƙarfe babba kafin ka ɗauki aisi, musamman na CMOS irin jerin 4000. Ƙurar lokacin ma tana shiga jak ta hana suwic haɗuwa, ka riƙa rufe akwatin da ƙyalle. Kunna kuma, ka ɗora yatsa a bayan aisi na ɗan lokaci, in yana zafin da bazaka iya jurewa ba kashe.

Sauran gwajin sigina. Ka saka tsayayyar wuta kamar 5V a jak na shiga, mita a jak na fita, murɗa bolum daga hagu zuwa dama kaga lamba na hawa daga 0 zuwa kusan 5 babu tsalle. Sannan ka saka sauti. Anan ka kula, sautin Eurorack yana kai 10V daga ƙasa zuwa sama, yafi abun da mikisa ko amfilifaya suka saba karɓa nesa ba kusa ba, don haka bolum ɗinka da nasu duk su fara daga ƙasa, kuma kar ka soka iyafis kai tsaye. Yayin da sautin ke tafiya ka ɗan girgiza kowace waya ta baya da tsinken roba ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta sa sauti ya yanke ko yayi ƙara ka kashe wuta ka sake mata dalma, sannan ka ɗaura modul ɗin a akwati ka tabbatar bayansa baya taɓa bod ɗin rabon wuta.